Karen Madam da Ƙashin Layya

Shekarar da maigidana ya tafi aikin Hajji ita ce shekarar da Madam ta ɗora min karenta. Ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa ta yi sallama, ta zo ta ajiye makullin gidanta a cikin farantin, a kan shinkafar tsaf. Na ce, "Madam, wannan kuma na mene ne?" Ta ce, "Malama, 'yata ta sauka. Zan tafi jego. Ke za ki kula min da shi."

Ban tambayi ko wane ne shi ɗin ba, na sani. Na ture farantin gefe na ce, "Haba Madam! Duk faɗin layin nan ki rasa wanda za ki bar wa kare sai ni? Ga Babbar Sallah ta ƙarato, ga maigida ba ya nan, ga Baba, ga yara, ga takardun jarrabawa ko rabi ban duba ba. Kashe ni za ki yi?"

"Shi ya sa na zo wajenki," in ji ta. "Ke ba kya mantuwa, kuma ba kya jin kunyar kowa."

Gidan Madam shi ne na ƙarshe a layinmu, daidai inda Fagge ta ƙare aka shiga Sabon Gari. Ibo ce, Kirista, amma a Kano aka yanke mata cibiya. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a bayan tasha ta yi rarrafe, kuma in ka ji tana ciniki a rumfarta ta leshi da atamfa a Kasuwar Sabon Gari, ba ka ga fuskarta ba, sai ka rantse Bakanuwa ce. Tun ina amarya na same ta a layin. Ita ta kai ni asibiti ranar naƙudata ta fari, ita ta koya min miyar agushi, kuma duk maganar da ba zan iya kai wa gidanmu ba, a barandarta nake zuwa in sauke.

Karen na mijinta ne da ya rasu. Tsoho ne tukuf, ja, bakinsa ya yi furfura, yana ɗingisa ƙafar baya. 'Ya'yanta kuwa duk sun koma kudu, kullum suna kan waya: Mama ki sayar da rumfa, Mama ki tattaro ki dawo gida. Ita kuma amsarta ɗaya ce, karen babanku ba zai iya wannan doguwar tafiya a mota ba, ni kuma ba zan bar shi ba. Wata rana muna ɓarar gyaɗa ta ce da ni, "Malama, ranar da karen nan ya mutu, ba ni da sauran abin da zan gaya wa yaran nan. Da mota za su zo su kwashe ni." Ta yi dariya. Ni ban yi ba, don na san 'ya'yanta, kuma na san ba wasa take ba. Saboda haka da na ɗauki makullin nan daga cikin shinkafa, na san zaman Madam a Kano ne aka danƙa min a hannu.

Washegari ta ja ni gidanta don ta nuna min yadda ake yi. Abincinsa ba wuya, shinkafa ce da kifi, ta dafa ta ƙulla a leda ta cika firji. Ta ce in rashin wuta ya lalata shi in dafa sabo, ba gishiri, ba albasa, ba yaji. Sai ta ɗauko wata roba mai murfi daga saman kabad. A ciki akwai wasu 'yan sanduna na busasshiyar fata, an nannaɗe su, tsawonsu bai wuce tafin hannu ba. A shagon kayan dabbobi take saya masa, don ya riƙa gwagwiya, haƙoransa su goge, hankalinsa ya kwanta. Karen yana jin ƙarar murfin ya miƙe zumbur, ɗingishin ma ya manta da shi.

"Guda ɗaya," in ji Madam, tana ɗaga min yatsa sai ka ce ni ce ɗalibar. "In kin ba shi yau, gobe da jibi ki hana shi, komai kukansa. Kuma ki tsaya a kansa har ya gama. In ya rage guntun da zai iya haɗiyewa, ki karɓe."

"In karɓe? Daga bakin kare? Madam, kin ga alamar na gaji da yatsuna ne?"

"Ki jefa masa ɗan kifi can gefe, zai saki. Ranar da ba ranarsa ba, in ya dame ki, ga ɗanyen karas, ga dankalin da na yanka na shanya, ga ƙwallonsa na roba. Duk wannan ba ya yi masa komai, in dai ba ki cika masa ba. Ƙashi ne kawai ban yarda ba. Dafaffe, soyayye, gasasshe, ko a mafarki."

Na riƙe haɓa na ce, "Ikon Allah! Karen da ba ya cin ƙashi. To me zai ci, alawa?" Ta ce dafaffen ƙashi tsagewa yake yi kamar kwalba, in ya shiga ciki sai ya yanka hanji. Na ce to na ji, amma a raina cewa na yi iyayi ne irin na mutanen Sabon Gari.

Baba, mahaifin maigidana, tsohon malamin Larabci ne, a zaure yake wuni da littattafansa. In karen ya yi haushi, tsaki kawai za ka jiyo daga zauren, dogo. Na je na durƙusa na gaya masa abin da aka bar min, ina fatan ya ce a mayar da makulli. Ya juya shafin da ke gabansa, sannan ya ce, "To, amana ce. Ki dai riƙa wanke hannu."

Haka na shiga zirga-zirga. Da safe kafin in tafi makaranta in leƙa, da yamma in na dawo in leƙa, ina tura masa kwano da sandar tsintsiya daga nesa. Ranar gwagwiya kuwa sai in tsaya a bakin baranda, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, tukunyata tana can a kan wuta, shi kuma gogan naka ya kwanta ya sa abin a tsakanin ƙafafunsa yana juya shi a natse, ba abin da ya dame shi. In na ce, "Kai, yi sauri mana, ina da abin yi!" sai ya ɗago ido ya kalle ni ya ci gaba. Dabarar kifin ta yi aiki, ban taɓa barin guntu a bakinsa ba. Karas ɗin ma yana ci, ƙurus ƙurus, har na fara sayo masa nawa in na je cefane, mai kayan miya yana tambayata ko salak zan yi.

Matsalar dai kukan ce. Da zarar na kulle ƙofa na juya baya sai ya fara, wani irin kuka mai ja, na neman uwargijiyarsa. Layin gaba ɗaya yana ji. Mata suka fara tare ni a hanya: "Malama, anya kina ba karen nan abinci kuwa?" Matan da in sun zo wucewa ta ƙofar Madam sai sun tattare mayafi sun tsallaka ɗaya gefen! Na ce da wata, "In kin ji tausayinsa, ga makulli." Ta ce, "A'uzubillahi, ni da kare?" Ta wuce tana kaɗe zani.

Sai Sallah ta zo ta same ni a tsaye. Wadda ba ta taɓa yin layya ba maigida ba, ba za ta gane ba. Mahaucin da ya yi alkawarin zuwa da hantsi sai bayan azahar ya bayyana, wuƙarsa ma ba kaifi. Ga wankin kayan ciki, ga babbakar kai da ƙafa, ga suya, ga rabo gida gida, ga baƙi masu zuwa gaishe da Baba, kowa sai an kai masa ruwa da abin taɓawa. Hayaƙi ya cika layin, duk gidan da ka wuce ƙaurin babbaka ne da ƙamshin mai. A cikin wannan ne nake ficewa da gudu, hannu duk maiƙo, in ajiye wa kare kwanonsa in dawo kafin nama ya ƙone. Madam ta bugo ta yi min barka da Sallah, ina jiyo kukan jariri a kusa da ita. Ta ce, "Yaya mutumina?" Na ce, "Lafiyarsa lau, ya fi ni hutawa."

A kwanakin nan ne kukan ya tsaya. Na lura, na ce alhamdu lillahi, ya haƙura. Ya rage cin abinci, na ce kewa ce. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Ranar da na gama suya na je in ba shi abin gwagwiyarsa, don ranarsa ce. Na buɗe murfin robar, ƙarar da ke tayar da shi ko barci yake, bai motsa ba. Yana can gindin gwanda, ya kifa ƙirjinsa a ƙasa ya ɗaga bayansa sama, yana nishi. Kwanon safe yana nan yadda na ajiye shi, ƙuda na bi. Ga amai nan da can a kan siminti. Ya yunƙura zai yi bayan gida, ya yi ta yunƙuri, ba abin da ya fito sai ɗigon jini, cikinsa kuma ya kumbura ya yi tam. Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Wallahi ba abin da nake gani sai Madam a cikin mota, an ɗaure kayanta a baya.

Ta taɓa nuna min shagon likitar da ke duba shi, can cikin Sabon Gari. Yadda za a kai shi ne aikin. Na leƙa waje, maza duk sun tafi yawon Sallah, waɗanda suka rage kuwa ko na roƙa na san amsar. Na ruga gida na ɗauko tsohon zani, na shimfiɗa, na ce bismillahi, na mirgina shi a kai, na naɗe, na sungume shi. Nauyi kamar rabin buhun masara. Ya ɗan yi ƙara, sannan ya kwantar da kansa a kafaɗata, a kan sabon leshin Sallata.

Na tsaya a bakin titi ina tare adaidaita. Wani ya tsaya ya ce, "Subhanallahi, Hajiya, yaro ne ba lafiya? Shigo, shigo." Sai wutsiya ta leƙo daga cikin zanin. Ko sai an jima bai ce min ba ya ja abinsa. Wani ya ce wai fasinja ba za su ƙara shiga ba in sun ji wari. Na ce, "Warin naka fa, wa ya yi magana?" Hannuwana sun sage, zufa ta jiƙa ni, yara masu yawon Sallah sun tsaya kallo. Daga ƙarshe wani dattijo mai farin gemu ya tsaya, ya leƙa cikin zanin, ya ce, "Rai ai rai ne. Hau mu je."

Muka tarar da shagon a rufe, hutun Sallah. Na yi ta buga lambar da ke jikin ƙofa har aka ɗauka, ban bari an gama sallama ba na fara zuba. Likitar ta zo da lallenta da kwalliyarta, daga gidan surukai na taso ta. Ta ɗora shi a tebur, ta danna cikin a hankali, ya yi wata ƙara da har yau ba na son tunawa. Ta ɗago ta ce, "Hajiya, wane irin ƙashi kika ba shi haka?"

Nan fa na hau. Na ce, "Ni? Ƙashi? Likita, ki iya bakinki. Tun da aka bar min karen nan nake tsaye a kansa kamar ina gadin jarrabawa. Guda ɗaya nake ba shi, in tsallake gobe da jibi, guntu ban taɓa bar masa ba. Ko tsoka ɗaya ta layyata ban kai masa ba!"

"Na ji," in ji ta, "amma hannuna ƙashi yake taɓawa. Hanjin ya toshe, sai an buɗe shi yanzu. Kuma tsoho ne, ba zan yi miki alkawari ba. Mai shi ta sani?"

Na kalli wayata. In na kira Madam, me za ta yi daga can, ban da ta tayar wa mai jego hankali? Na ce, "Yau ni ce mai shi. Buɗe."

Na kasa zama. In zauna a benci, in miƙe, in fita bakin titi, in dawo in kasa kunne a ƙofa. Na tuna ban bar wa Baba abincin rana ba. Na tuna ban tabbata na kashe wutar kaskon mai ba. Na kira babbar 'yata na yi mata faɗan abin da ba ta yi ba, na kashe, na sake kira na ce ta duba kaskon. Wata mai sayar da lemo a gefen shagon ta ce, "Hajiya, ki zauna mana, kina sa ni jiri." Na ce ta ji da lemonta.

Da likitar ta fito, kwanon silba ta ajiye a gabana. Tsagin ƙashi ne masu tsini kamar ƙusa, wasu da sauran baƙin babbaka a jikinsu. Ga wani curin ganda da ya sha ruwa ya kumbura, ya kai dunƙulen hannuna. Har da guntun tsinken tsire. Ta ce hanjin ya huje ba a wuri ɗaya ba, ta ɗinke abin da za ta iya. Ta ce gandar nan, da ɗan yanki aka ba shi ana tsaye a kansa, da da sauƙi, amma kare bai san ya ƙoshi ba, in ya samu da yawa haɗiya yake yi, ba ya tsayawa tauna. Sannan ta ce, "Wannan ba cin rana ɗaya ba ne, kuma ba daga tukunya ɗaya ya fito ba."

Maganar nan ta ƙarshe ita ta koro ni gida, kai tsaye na wuce gidan Madam. A bayan ɗakunanta akwai wani siririn fili tsakanin bango da katanga. Katangar gajeriya ce, bayanta lungu ne, dogon mutum in ya yi ɗage zai leƙo. Ban taɓa zagayawa can ba, me zai kai ni? Na zagaya. Jama'a! Ƙashi ne tuli guda sai ka ce bayan mahauta. Haƙarƙari, ƙafafu, muƙamuƙin rago da haƙoransa, ganda, wasu a baƙar leda an yage, wasu a jarida, wasu haka nan aka wurgo su. Na ga kofaton sa, kuma gida ɗaya ne ya yanka sa a layinmu a shekarar.

Na cika bokiti da su na fito. Ban san lokacin da na fara buga ƙofofi ba. Gidan masu sa na fara shiga, na ajiye kofaton a gaban Hajiyar gidan, tana tsakiyar baƙi. Na ce, "Wannan na wane ne?" Ta yi wuƙi-wuƙi da ido, ta ja ni gefe ta rage murya: "Don Allah Malama, ki rufa min asiri. Kukansa ne ya hana ni sakat, na ce yunwa ce. Ɗan kaɗan na jefa masa da sassafe, ba wanda ya gan ni." Gida na gaba ma haka. Mai "A'uzubillahi, ni da kare" kuwa, ita ce mai gandar, wai ta ga ba ƙashi a ciki, taushi gare ta. Mai shagon bakin layi ya ce shi ragowar tsirensa ce kawai, bai ma lura da tsinken ba. Duk wanda na tambaya, shi kaɗai ne, kuma ɗan kaɗan ne, kuma don Allah kada kowa ya ji.

Abin da ya faru ke nan. Layi guda ya ji tausayin kare, kuma layi guda yana jin kunyar a gan shi yana ba kare abinci. Da a fili suka yi, in na farko ya jefa, na biyu zai ce ai an riga an ba shi. Da ta ƙofa suka biyo, da sun same ni na ce a'a. Amma wa zai yarda a ce an ga Hajiya wance, da carbinta a hannu, ta kai wa kare ƙashi? Sai kowa ya bi ta lungu, ya waiga hagu ya waiga dama, ya wurga, ya tafi yana jin ya samu lada. Wata har da ce min ai da na yi musu bayani tun farko. Na ce, "In bi gida gida ina shelar kada a ba kare ƙashi, a layin da kowa ke tofar da yawu in an ambace shi? Da kun ce na haukace!" Na faɗi maganganu a ranar nan, akwai waɗanda har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Sai da na zo ƙofar gidanmu muryata ta mutu. Baba yana zaure, kuma ya ji komai, don ba a hankali na yi ba. Na durƙusa na gaishe shi da bokitin ƙashi a hannu. Ya amsa bai ɗago ba. Littafi yana buɗe a gabansa, amma na ga ba karatu yake ba, na wuce ciki.

Washegari da hantsi likitar ta kira. Ta ce ya farfaɗo da safe, ya sha ruwa kaɗan, sannan ya kwanta bai ƙara tashi ba. Na kifa turmi a tsakar gida na zauna a kai na yi kuka, ni, a kan kare, yarana suna leƙe ta labule.

Kafin azahar masu ba da shawara sun cika min gida. Wata ta ce in ce tsufa ne, ai dama ya tsufa. Wata ta ce in yi shiru sai Madam ta dawo, in ta riga ta shigo gari ta buɗe rumfa, yaran ba za su iya ɗaga ta ba. Wannan ta biyun ta shige ni, don ina son matar nan ta dawo, ina so ƙwarai. Na yi ta juya waya a hannu, in ajiye, in ɗauka, in shiga kicin in fito ban san abin da na je ɗauka ba. Amma Madam duk kiran da za ta yi sai ta tambayi mutuminta, ni kuma ban iya lafiya lau ta ƙarya ba, muryata tona ni take. Na kira ta.

Na gaya mata duka, da lungun, da katangar, da gandar. Can ta ce, "Ki sa a binne shi a gindin gwandar." Sai na jiyo muryar namiji a kusa da ita yana tambayarta da yarensu, ta ba shi amsa gajeriya. Ban iya yaren ba, amma na gane an gama magana. Da yamma na ɗauko shi daga wajen likita, na samo mai haƙa, aka binne shi a inda ta ce, a cikin zanin da na naɗe shi da shi.

Da ta gama jego ta dawo, ita da babban ɗanta a ƙaramar mota, babbar mota tana biye da su. Rumfar kasuwa tuni ya gama magana da mai saye ta waya. Masu ɗaukar kaya suka shiga fito da kujeru, da firji, da akwatunan leshi. Mutanen layi suka fito ƙofar gidajensu suka yi cirko-cirko, ba wanda ya san abin da ake cewa. Gaisuwar mutuwa muna da ita, amma ba a taɓa koya mana ta kare ba. Mata suna zuwa su ce, "Madam, sannu da hanya," su ɗan tsaya, su ce, "Ashe haka abu ya faru," su sulale. Tana amsa wa kowa, tana ninke labule, ba ta kalli idon kowa ba. Ni ina gefe ina naɗe kofuna a jarida ina yi wa masu kaya masifa, don in na yi shiru kuka zan yi.

Sai ga Baba. Ya fito daga zaure da sandarsa, da babbar riga, irin shigar da yake yi in zai je ta'aziyya, ya tako a hankali har ƙofar Madam, inda ban taɓa ganin ya tsaya ba. Madam ta ajiye labulen ta rusuna ta ce, "Malam, ina wuni."

Ya ce, "Lafiya lau, Madam. Allah ya ba da haƙuri." Ya gyara riƙon sandarsa. "Na zo in gaya miki ne da bakina. Ni ma na jefa. Ƙashin da aka sa min a miya, mai ɓargo, ni ba haƙora gare ni ba, na ce shi zai more shi. Kuma ba sau ɗaya ba. Ki yafe mini."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Miyar ni na dafa ta, ni na zaɓa masa mai ɓargon don girmamawa.

Madam ta ɗago ta kalle shi. Sannan ta ce, "Malam, ya ci?"

"Ya ci," in ji Baba. "Na leƙa ta katanga. Har yana kaɗa min wutsiya."

"To," ta ce. "Ya ji daɗi ke nan." Sai a lokacin ta ja gefen zaninta ta rufe fuska, ta yi kukan da ba ta yi min a waya ba. Baba yana tsaye kansa a ƙasa, ɗanta yana duba agogo.

Kafin la'asar motocin suka tashi. Na bi su har bakin titi, mayafina a hannu, ina ɗaga murya ina ce mata ta kira ni in sun sauka, kada ta manta maganin ƙafarta yana cikin ƙaramar jaka, ita kuma tana ɗaga min hannu ta taga. Ina nan tsaye a tsakiyar hanya har wani mai adaidaita ya danna min hon, na matsa gefe.